Ɗakin da Ke Cikin Gishiri

Shekara talatin Kaka Azara na auna gishirin Ada
da gwangwanin olonka a kasuwar Aboabo,
ba ta taɓa duban ƙwaya ɗaya ita kaɗai ba.
Ni na duba. Ran Talata, a jami'a,
Dokta Frempong ya turo mini madubin ƙara girma,
ya ce, leƙa.
Sai ga akwati: kusurwa takwas, fuska shida,
bango a miƙe kamar magini ya ja igiya,
alhali rana ce kawai ta shanye ruwan tafki
ta bar shi nan kwance.

Da dare aka ɗauke wuta.
Na baje lemun tsami goma sha huɗu a tabarma,
gurjiya goma sha uku,
na kakkarya tsintsiya na yi ginshiƙai.
Lemo shi ne kulorin, ya karɓa, ya kumbura.
Gurjiya sodiyam, ya ba da abu guda, ya ƙanƙance.
Mai bayarwa da mai karɓa ba sa sakin juna.
Lemo, gurjiya, lemo.
Kowa da maƙwabta shida,
gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa,
kuma duk cikinsu babu irinsa.

Kaka ta hasko ni da tocila:
"Barikisu, miya za ki yi ko tsafi?"
Na ce ɗaki ne, Kaka, ƙaramin da babu na ƙasa da shi.
Jera shi, ɗora shi, sake jerawa,
har ya cika buhun da ke bayan ƙofa.
Ta ce, "To, mutum nawa ke kwana ciki?"

Nan gizo ke saƙa.
Na kusurwa, ɗaki takwas ke da haƙƙi a kansa.
Na jikin bango, rabi nan, rabi maƙwabta.
Na gefe, a kasa shi huɗu.
Ashirin da bakwai na kafa da hannuna,
da aka ba kowa nasa, takwas suka rage,
huɗu da huɗu.
Kuma ɗaya tak, na can tsakiya,
shi ne na ɗakin nan ɗungurungum.

Ta yi dariya har haske ya yi rawa a rufi.
"Ai gidan haya ne wannan, a Zango!
Bangon nan ta baya na Maame Serwaa ne,
in ta soya kifi mu ke tari.
Famfo na gida huɗu ne.
Ke kanki rabinki na makaranta ne."

Ban gaya mata sauran ba.
Cewa duk taurinsa, in ka buge shi daidai,
layi ɗaya ya gusa taki ɗaya,
lemo ya fuskanci lemo, iri ya ga irinsa,
nan take sai ya tsage, sumul, kamar an sa reza.
Cewa babu ƙwayar da ta cika cif.
Akwai gurbi, kuma gurbi ba ya zuwa shi kaɗai:
in mai bayarwa ya fita, mai karɓa sai ya bi,
don kada ma'auni ya karkace.

Baba ya shiga ramin zinariya bara waccan,
takalminsa aka kawo mana.
Kafin masara ta nuna, Inna ta hau motar Nima,
wai wata uku.
Ginin bai rushe ba.
Na kusa da gurbin ne suka ɗan gyara tsayuwa.

Ruwa ya fara ƙwanƙwasa kwano.
Kaka ta miƙe, gwiwa na ƙara,
ta lulluɓe buhuna da leda, ta danne da dutse,
don mai yi wa man kaɗe dariyar rana
ya san abin da ke jiransa a daminar Kumasi.

Da ta dawo, ta tsaya kan ginina,
ta daɗe tana kallon gurjiyar tsakiya.
Ba ta taɓa ta ba.
Lemon kusurwa ta zare, ta shinshina,
ta ce, "Mura nake ji.
Ki ba ɗakuna takwas haƙuri."